Haibirid zalla ko mai caji: yadda magidanci a Gombe zai zaɓi jif ɗin iyali

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, tambayar da mai sayen mota ke fara yi wa dillali ta canza. Da can ƙarfin inji da kyan jiki ake tambaya, yanzu kuwa shan mai ne a gaba. Wannan ne ya sa motocin haibirid, waɗanda a baya mutane ke gudu saboda tsoron batir, suka samu kasuwa. Sai dai iri biyu ne, kuma dillalai da yawa suna kiransu da suna ɗaya. Akwai haibirid zalla wadda fetur kaɗai ake zuba mata, akwai kuma mai caji, wadda ake jona wa wuta kamar waya, kuma za ka ga an rubuta PHEV ko Plug-in ko Prime a jikinta.

Ra'ayinmu a fili yake: mai caji tana da amfani ne kawai ga wanda yake da wuta mai arha, tabbatacciya, a daidai wurin da motar ke kwana ko wuni, kuma yawancin zirga-zirgarsa a cikin gari take. Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa biyu ba, haibirid zalla ta fi masa. Ga yadda za ka gane ɓangaren da kake, mataki bayan mataki.

Abin da ke cikin kowacce

Haibirid zalla tana da injin fetur, da motar lantarki, wato injin da ke aiki da lantarki, ɗaya ko biyu ko uku, da ƙaramin batir wanda yawanci bai kai yunit 2 ba. Yunit a nan shi ne wanda mitar gidanka ke ƙirgawa, wanda ake rubutawa kWh. Batirin yana cika ne daga injin da kuma taka birki, domin duk lokacin da ka rage gudu motar lantarkin tana juyawa ta zama janareta. A cunkoso ko a tsaye injin yana mutuwa da kansa, AC kuma yana ci gaba da aiki. Toyota RAV4 Hybrid ƙirar 2019 zuwa 2024, a ma'aunin hukumar EPA ta Amurka, tana yin kimanin kilomita 17 da lita ɗaya, alhali 'yar'uwarta wadda ba haibirid ba tana yin 12 zuwa 13.

Mai caji tana da duk waɗannan, sai dai batirinta babba ne, daga yunit 12 zuwa 20, ga kuma caja a cikin jikinta da ƙofar jona waya. RAV4 Prime, wadda ta fito a ƙirar 2021, tana da batir mai yunit 18.1, tana yin kusan kilomita 68 ba tare da injin ya tashi ba. Idan cajin ya ƙare ba tsayawa take yi ba, komawa take haibirid zalla, amma mai ɗauke da ƙarin nauyin da ya haura kilo 200. A wannan yanayi tana yin kimanin kilomita 16 da lita. Wato wanda ya sayi mai caji kuma ba ya caji, ya biya kuɗi mai yawa domin motar da ta ɗan fi ta maƙwabcinsa shan mai. A wasu motocin ma tazarar ta fi haka muni: Mitsubishi Outlander PHEV, idan batirinta ya sauka, kimanin kilomita 11 take yi da lita.

Mataki na farko: auna tafiyarka ta gaskiya

Kada ka yi kirdado. Ka mayar da ƙaramar mitar tafiya ta motarka ta yanzu zuwa sifili kowace safiya, da dare ka rubuta abin da ta nuna, har tsawon mako biyu. Ka haɗa da kai yara makaranta, da zuwa ofis, da kasuwa, da gaisuwar asibiti, da zuwa ɗaurin aure ranar Asabar. Sannan ka ƙirga tafiye-tafiyen nesa na wata uku da suka wuce.

Wanda ke zaune a Tumfure yana aiki a cikin gari, ya biya ta Jekadafari ko Pantami ya dawo, da wuya ya haura kilomita 40 a yini. Wannan shi ne mutumin da aka ƙera mai caji dominsa. Amma ka rage wa alƙaluman kamfani wani abu: AC na Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, daga batirin yake sha, kuma motar hannu batirinta ya riga ya ɗan tsufa. Inda aka rubuta 68, ka yi lissafi da 50 zuwa 55. Wanda ke zuwa Kumo ko Dadin Kowa ya dawo kullum ya riga ya wuce iyakar cajin, kashi na ƙarshe na tafiyarsa da fetur zai yi.

Tafiyar nesa kuwa ba ta bar wa mai caji wata riba. Daga Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 155 ne, zuwa da dawowa 310. RAV4 Hybrid za ta sha lita 18 da 'yan kai. Prime da ta tashi da cikakken caji za ta sha kusan 15, idan ba a sake yi mata caji a can ba. Lita uku ke nan ka tsira da su, kuma ka riga ka biya kuɗin yunit 15 na wuta. Ɗan kasuwar da ke Kano ko Jos ko Yola kowane mako ba ya bukatar ya ci gaba da wannan lissafi, haibirid zalla ce tasa.

Mataki na biyu: daga ina wutar za ta zo?

Nan ne zancen yake, kuma nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Cika batirin Prime daga ƙasa yana cin kusan yunit 15 daga bango. Cajar da ke cikin yawancinsu mai kilowat 3.3 ce, tana bukatar kusan awa huɗu da rabi na wuta mai ƙarfi ba yankewa. Masu kilowat 6.6 suna gamawa cikin awa biyu da rabi, amma suna jan amfiya kusan 30, abin da wayoyin gidaje da yawa ba za su ɗauka ba. Idan kuma ta soket na gida mai ƙafa uku za ka yi, a amfiya 10, ka ba ta awa bakwai.

Sai ka tambayi kanka: a layinku, sau nawa a mako ake samun awa biyar zuwa bakwai a jere da dare? Gombe tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, tare da Bauchi da Filato da Binuwai, kuma an raba layuka rukuni-rukuni. A ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, rukunin Band A aƙalla awa 20 na wuta ne a yini, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Wannan a takarda ke nan. Kai ka rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa na mako biyun nan da kake auna tafiya. Ka kuma samu ƙaramar na'urar auna ƙarfin wuta ka jona a soket, domin wutar da ta zo a bolt 160 ko 170 da magariba ta isa ta kunna ƙwai, amma caja da yawa ba za su karɓe ta ba, wasu kuma su riƙa yankewa suna dawowa.

Janareta ba mafita ba ce. Ƙaramin janaretan fetur na gida yana fitar da yunit 2 ko ƙasa da haka daga lita ɗaya. Yunit 15 zai ci lita 7 zuwa 8, domin tafiyar da injin motar da kansa zai yi da lita 4. Wanda ke cajin mota da janareta yana ƙona kusan ninki biyu na man da yake gudu, ga hayaniya ga hayaƙi. Idan wuta ta yi wuya, ka bar motar ta yi aikinta na haibirid kawai.

Sola ce ke juya lissafin, kuma Gombe Allah ya ba ta rana. Farantin sola mai wat 550, bayan an cire asarar zafi da ƙura da wayoyi, yana ba da kusan yunit 2 a yini. Cika batirin mota kullum yana bukatar faranti 7 zuwa 8 ƙari a kan na gida, da infata da ba ta gaza kVA 5 ba idan za a ja kilowat 3.3. Amma akwai wani abu da masu haɗa sola ba su cika faɗa ba: rana tana fitowa ne lokacin da motar take ofis. Idan da dare za ka yi caji, sai ka fara tara wutar a batirin gida mai yunit 15 ko fiye, sannan ka juye ta cikin na mota, kuma kuɗin wannan batiri kaɗai ya isa ya cinye ribar shekaru. Sola tana yi wa wanda motarsa ke wuni a inda farantan suke: mai shago ko makaranta ko asibiti da ke da sola a wurin aiki, ko gidan da uwargida ke fita da safe ta dawo kafin azahar, motar ta wuni a inuwa tana shan wuta.

Mataki na uku: lissafin naira

Farashin mai yana hawa yana sauka, don haka mu ɗauki misali, kai kuma ka sa na ranar da kake karantawa. A ce lita naira 1,000 ce. Haibirid mai yin kilomita 17 da lita tana cin kusan naira 59 a kowace kilomita.

Mai caji tana cin kusan yunit 0.22 a kilomita. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin Band A naira 225 kan yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Idan muka yi da 210, kilomita ɗaya ta tashi naira 46. Ribarka naira 13 ce kacal. Mai yin kilomita 40 a yini, kwana 300 a shekara, wato kilomita 12,000, zai tsira da kusan naira 156,000 a shekara. Idan rasit ɗin mitarka ya nuna kana biyan naira 70 kan yunit, kilomita ta tashi naira 15, ribar ta koma 44, wato naira 528,000 a shekara, da sharaɗin cewa wutar tana zuwa kowane dare, kuma layukan masu arha su ne ba a cika ba su wuta ba. Wanda yake da solar da ke rara da rana shi ne ke cin dukkan naira 59 ɗin, kusan 708,000 a shekara.

Yanzu ka je kasuwa ka tambayi farashin motocin biyu, shekara ɗaya, yanayi ɗaya, ka cire wannan daga wancan, ka ƙara kuɗin haɗa wurin caji. Ka raba abin da ya fito da ribar shekara. Idan misali tazarar naira miliyan 8 ce, mai sola zai mayar da kuɗinsa cikin shekara 11, mai Band A kuwa ko shekara 50 ba ta isa ba. Mu dai a ganinmu duk lissafin da ya wuce shekara biyar ko shida bai ci ba, saboda batirin ma yana tsufa cikin waɗannan shekaru.

Akwai abin da lissafi ba ya nunawa, kuma adalci ne a faɗe shi. Lokacin ƙarancin mai, mai caji yana zuwa aiki ba tare da ya shiga layin gidan mai ba. Prime tana da ƙarfin doki 302, Hybrid tana da 219, kuma ana jin bambancin wajen wuce tirela. Ana iya zama cikinta da AC na tsawon lokaci injin bai tashi ba. Wanda ya ce zai biya kuɗin waɗannan da saninsa, ba mu da ja.

Mataki na huɗu: mutum nawa, kaya nawa, wace hanya

Iyalin da ya haura mutum biyar zaɓinsa ya ragu. RAV4 da Honda CR-V da Hyundai Tucson layi biyu ne na kujeru. Toyota Highlander Hybrid tana da layi uku, kuma ba ta da mai caji. Ƙirar 2020 zuwa sama, mai injin lita 2.5, tana yin kimanin kilomita 15 da lita. Tsofaffin masu silinda shida kusan 12 suke yi, don haka kada sunan haibirid kaɗai ya ruɗe ka. Kia Sorento tana zuwa a iri biyun da layi uku, mai cajin tana da batir mai yunit 13.8 da tafiyar kusan kilomita 51. Outlander PHEV ta samu layi na uku a ƙirar 2023, amma na ƙananan yara ne.

Ka buɗe but ka ɗaga shimfiɗarsa. Batiri babba yana cin wuri, kuma wasu masu caji, irin su Outlander, ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙi. A hanyar Dukku ko ta Biu wannan ba zai fisshe ka ba idan rami ya yaga gefen taya. Ka sa kuɗin safaya da jak a lissafi, ka kuma san inda za ta zauna.

Batirin mai caji a ƙarƙashin mota yake shimfiɗe, na haibirid zalla kuma yawanci a ƙarƙashin kujerar baya, cikin mota. Ga wanda unguwarsa ruwa ya zaizaye hanyarta, ko mai zuwa ƙauye da damina, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Dutse ɗaya da ya lotsa akwatin batir yana iya jawo gyaran da ya fi na inji tsada.

Mataki na biyar: duba motar kafin kuɗi ya fita

Yawancin waɗannan motoci na hannu ne daga Amurka ko Kanada, kuma da yawa ta gwanjon inshora suka biyo. Garantin batir na shekara 10 da Toyota ke bayarwa a can tun ƙirar 2020 ba zai yi maka aiki a Gombe ba, saboda haka idonka da na'ura su ne garantinka.

Ka fara da lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai haruffa da lambobi 17. Ka sayi rahotonta a Carfax, kamfanin da ke sayar da tarihin motoci, ko makamancinsa, ka kuma rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan gwanjo suna fitowa. Motar da ta yi hatsari a gefe ana iya gyara ta. Wadda ambaliya ta ci kuwa, ka bar ta ko a rabin kuɗi ne, domin ruwan da ya shiga mahaɗan wayoyi yana ci a hankali, matsalar ta fito bayan watanni. Alamominta: laka a ƙarƙashin kafet da ramin safaya, tsatsa a ƙarafunan ƙarƙashin kujera, wari ko turaren da ya yi yawa, da tabon ruwa a ƙarshen bel idan ka jawo shi duka. Haka kuma ka guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, saboda juyin yana nufin an yanka wayoyi an sake haɗawa.

Sannan a jona na'urar bincike. Ƙaramar na'urar da ake jonawa a kwamfutar mota, wato OBD2, mai Bluetooth, da manhajar waya ta Dr. Prius suna karanta batirin motocin Toyota da Lexus da yawa, Techstream kuma ita ce ta kamfani. Abin da ake dubawa shi ne ƙarfin kowane rukuni na batirin yayin da ake taka mota da yayin birki. Su tafi kusan tare. Idan ɗaya yana faɗuwa nesa da sauran, batirin ya kama hanya. Lambar P0A80 tana nufin batirin na bukatar canji, P0AA6 tana nufin wutar mai ƙarfi tana zurarewa zuwa jikin mota, P0A93 kuma matsalar sanyaya infatar motar ce, wato na'urar da ke sarrafa wuta tsakanin batir da motar lantarki. Idan ba a ga ko lamba ɗaya ba amma na'urar ta nuna gwaje-gwajen cikin mota ba su kammala ba, mai yiwuwa an goge lambobin ne kwanan nan. Ka tuƙa ta rabin awa a sake dubawa.

Ga mai caji akwai gwaji ɗaya da babu madadinsa. A cika ta a gabanka, ka ga da idonka cewa tana karɓar caji, sannan ka tuƙa ta da lantarki zalla, AC a kunne, har injin ya tashi da kansa. Ka rubuta kilomitar. Kada ka yarda da lambar da allon ke hasashe, ta dogara ne da tuƙin mai ita na baya. Idan abin da ka samu bai kai kashi 70 cikin 100 na abin da kamfani ya rubuta ba, ko a rage kuɗi sosai ko ka haƙura. Tsofaffin Outlander, waɗanda tun farko kusan kilomita 35 suke yi a ma'aunin Amurka, su ne suka fi bukatar wannan gwaji. Dillalin da ya ce babu wuta ko babu waya, to motar ba ta shirya sayarwa ba.

A ɗaga motar a shiga ƙarƙashinta. A RAV4 Hybrid ta 2019 zuwa 2021 da ta fito daga yankunan da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, an san matsalar tsatsa a mahaɗar babbar waya mai ruwan lemo da ke zuwa motar lantarki ta baya. A buɗe murfin a gani. A tsofaffin Highlander Hybrid da Lexus RX kuma ka saurari famfon birki: idan yana kuka kowane 'yan daƙiƙu alhali ba ka taka ba, na'urar birkin tana zubar da matsi, kuma tana da tsada. Daga ƙarshe ka tabbatar da takardun kwastan, lambar da ke jiki ta yi daidai da ta gilashi da ta ƙofa.

Mataki na shida: haɗa wurin caji, idan mai caji ka zaɓa

Wayar cajin da ke zuwa da motar Amurka ta bolt 120 ce, wutarmu kuma 230. Kada ka jona ta a bango da adafta. Motar kanta tana karɓar 230, wayar ce za a canza. Ka duba bakin cajin: motocin Amurka J1772 ne, wanda ake kira Type 1, na Turai Type 2, waɗanda aka ƙera domin kasuwar Sin kuma, irin wasu BYD, GB/T ne. Ka sayi waya mai bakin da ya dace, wadda ake iya saita ta a amfiya 8 ko 10 ko 16. Haka soket ɗin da ke cikin but na wasu motocin Amurka bolt 120 yake bayarwa, ba zai ɗauki kayan gidanmu kai-tsaye ba.

Mai gyaran wuta ya ja layi na musamman daga allon rarraba wuta zuwa inda motar ke kwana, da waya mai kauri milimita 4 ta jan ƙarfe na gaske, da bireka mai amfiya 20, da na'urar katse wuta idan ta zurare mai miliamfiya 30, da mai kare hawa da saukar wuta wadda za ta yanke idan ta yi ƙasa ko sama da kima, ta kuma jira 'yan mintuna kafin ta dawo. Soket ya zama na masana'antu mai amfiya 16, irin shuɗin nan. Soket na gida mai amfiya 13 yana narkewa idan ya ɗauki kaya mai nauyi na awanni, shi ya sa ba a wuce 10 a kansa. Wayar ƙari ta kasuwa kuwa haramun ce a wannan aiki, ita ce hanyar gobara mafi kusa.

Sai at, wato wayar da ake binnewa a ƙasa. Gidaje da yawa ƙafar soket ta uku ba ta haɗe da komai ba. Caja mai kyau za ta nuna ja ta ƙi aiki, kuma gaskiyarta. Maganin shi ne a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa mai danshi, a auna ta, ba a nemi cajar da ba ta damu da at ba, tunda yara za su taɓa jikin motar tana caji. Idan gidan yana da makunnin juyawa tsakanin wutar gari da janareta, a ɗauki layin motar daga ɓangaren wutar gari kaɗai.

Mataki na bakwai: wa zai gyara, kuma da me

Kafin ka saya, ka nemo bakaniken. Ka tambaye shi ko yana da na'urar da ke karanta batirin wannan mota, ko yana da safar hannu ta wuta mai ƙarfi, ko ya san inda fulogin katse batir yake. Duk waya mai ruwan lemo tana ɗauke da ɗaruruwan bolt, tana kisa. Haibirid ɗin Toyota ta daɗe a ƙasar nan, kayanta da masu gyaranta sun fi samuwa, ko da sai an aiko daga Kano ko Legas. Batirinta ƙarami ne, ana samun na hannu. Batirin mai caji kuwa sau da yawa sai an yi odarsa daga waje, motar na ajiye.

Kurakuran da suka fi kashe waɗannan motoci a wurinmu ƙanana ne. Na farko man AC: kwamfuresar ta lantarki ce, tana bukatar mai na musamman, ND-11 a Toyota. Idan mai gyaran AC ya zuba man da ya saba zubawa a sauran motoci, wuta za ta fara zurarewa, motar ta ƙi tashi. Na biyu ruwan sanyaya: infata tana da nata tankin daban da na lagireto, kuma ruwan hoda na kamfani ake zubawa, ba ruwan rijiya ba. Na uku baƙin mai: injin lita 2.5 na sababbin Toyota 0W-16 yake so, ko 0W-20 idan ba a samu ba. Injin da ke mutuwa yana tashi sau da yawa a tafiya ɗaya ba ya son mai kauri irin 20W-50.

Ƙurar hunturu ita ce ta huɗu. Batirin haibirid zalla iska ke sanyaya shi, ta wata 'yar taga a gindin kujerar baya mai ƙaramar matata. Ƙura da gashin kafet da ledar biskit ta yara suna toshe ta, batirin ya yi zafi, ya mutu kafin lokacinsa. A cire matatar a kakkaɓe a duk juyen mai, kada a jingina jaka ko darduma a bakin tagar, kuma a gargaɗi masu wankin mota kada ruwa ya shiga wurin. Batirin mai caji kuma abin da ya fi tsufar da shi shi ne zama a cike cikin zafi. A yi masa rumfa, a saita caji ya ƙare kusa da lokacin fita, kuma idan za a yi tafiyar makonni, kamar aikin Hajji, a bar shi a kusan rabi. Fetur ma yana lalacewa idan ya daɗe a tanki, don haka mai caji ya riƙa barin injin ya yi aiki ya ɗauki zafi ko sau ɗaya a mako, ya kuma riƙa zuba rabin tanki maimakon cikawa ya manta.

Dukkansu suna da ƙaramin batir mai bolt 12, kuma shi ne ke tada kwamfutar motar. Idan ya yi sanyi, alamar READY ba za ta fito ba ko da babban batirin a cike yake, sai allon ya cika da gargaɗi iri-iri, mutane su ɗauka babban ne ya mutu. A fara auna ƙaramin kafin a taɓa komai. Ana iya tada ta da batirin wata mota, a kula sosai kada a juya kan wayoyin, domin juyawar na iya ƙona fis da infata. Amma kada a yi amfani da ita wajen tada motar wani. Ba a tura ta ta tashi, ba a kuma jan ta da igiya tayoyi na juyawa a ƙasa, saboda motocin lantarkin za su riƙa haifar da wuta alhali tsarin sanyaya a kashe yake. Idan ta tsaya a hanya, motar ɗauka mai shimfiɗa ake kira, don haka ka ajiye lambar mai irinta a wayarka tun ranar da ka karɓi makulli.